Maƙera, Gona da Maƙwabci: Nasiha ga Matasan Kirista na Gaya da Ajingi

Duk yaron da ya tashi a ƙasar Gaya ya ji labarin nan tun yana ƙarami, cewa maƙeran garinsu ne suka bi sawun tama har gindin dutsen Dala, suka kafa zama a can, kuma daga tsatsonsu ne aka sami Abagayawan birnin Kano. Masana tarihi suna iya yin gardama a kan shekaru da sunaye, amma abu ɗaya a fili yake: mutanen wannan yanki sun zaɓi su riƙa tuna asalinsu ta hanyar sana'a. Kakan da suke alfahari da shi mutum ne mai zuga-zugi da guduma, wanda ke ƙera fartanya da garma da lauje domin wasu su noma abin da za su ci. Ƙannena, ku matasan Kirista da ke zaune tsakanin Wudil da iyakar Jigawa, a Gaya da Ajingi da ƙauyukan da ke kewaye da su, maganar da nake so in yi da ku ta yi daidai da wannan gado, ko da yake tushenta daga Littafi Mai Tsarki ne da kuma koyarwar da ekklisiyar Lutheran ta riƙe shekara ɗari biyar. Maganar ita ce, aikin hannunku na yau da kullum, a gona ko a shago ko a aji ko a ɗakin shan magani, shi ne babban wurin da Allah ya sa ku ku bauta masa, kuma wanda zai ci moriyar wannan bauta shi ne maƙwabcinku, ko wane ne shi.

Halin da kuke ciki ba ɓoyayye ba ne. Ku 'yan kaɗan ne a cikin al'ummar da kusan dukkanta Musulmi ce. Wasunku Hausawa ne gaba da baya, jikokin Maguzawan da suka karɓi bishara, wasu kuma 'ya'yan malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da 'yan kasuwar da aiki ya kawo. Majami'arku ƙarama ce, wani lokaci ma ɗaki ne guda da benci kaɗan, mai bishara ɗaya yana zagaya wurare biyu ko uku. A hannunku kuwa akwai waya, kuma wayar nan kullum tana nuna muku manyan majami'un Legas da Abuja, da fitilu da kaɗe-kaɗe da dubban mutane, da mai wa'azi cikin kwat yana alkawarin buɗi kafin ƙarshen wata. Daga nan sai tunani biyu su shiga zuciyar matashi a hankali. Na farko, cewa rayuwar Kirista ta gaske tana can wani wuri, nan kuwa zaman jira ne kawai. Na biyu, cewa bawan Allah shi ne wanda ke tsaye a kan bagade da lasifika, mai huɗa da mai ɗinki da mai gyaran babur kuwa suna aikin duniya ne, sai ranar Lahadi su zo su ɗan taɓa na Allah. Wannan tunani yana kashe gwiwa, yana raba mutum da ƙasarsa tun ƙafarsa ba ta bar ta ba, kuma ba sabon abu ba ne a tarihin ekklisiya.

A ƙarni na 16 a ƙasar Jamus haka mutane suka ɗauki rayuwa. Ana ganin firistoci da 'yan zuhudu su ne masu matsayin ruhaniya, sauran jama'a kuwa na ƙasa ne. Martin Luther, wanda aka haifa a 1483, ya yarda da wannan har ya bar karatun shari'a ya shiga gidan zuhudu a 1505. Ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya yi ta furta zunubansa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, domin kullum tambayar tana nan: shin abin da na yi ya isa? Cikin nazarin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ne ya gane cewa tambayar kanta ce ta karkace. Allah ba ya jiran mutum ya tara abin da zai isa, yana karɓar mai zunubi ne kyauta saboda abin da Yesu Almasihu ya yi a kan gicciye, mutum kuwa yana karɓar wannan alheri ta wurin bangaskiya. Saboda haka da wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya zo kusa da Wittenberg yana sayar da takardun rangwamen azaba, waɗanda wani ɓangare na kuɗinsu ke tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma, talakawa kuma suna saye da zaton gafara suka saya, Luther ya rubuta batutuwansa 95 a watan Oktoba na 1517. Adalci ne a faɗa, domin akwai 'yan Katolika a cikinku, cewa ekklisiyar Roma da kanta ta hana wannan ciniki daga baya, kuma a 1999 a birnin Augsburg wakilanta da na Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu a kan matsaya ɗaya cewa ceto ta wurin alheri yake. Ba tsohuwar rigima nake tonowa ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne cinikin ya dawo da sabuwar riga. Wanda ke sayar muku da kwalbar mai ko ruwa ko hankici, ko yake cewa ku shuka iri na kuɗi a aljihunsa domin Allah ya buɗe muku hanya, yana gaya muku ne cewa tagomashin Allah yana da farashi. Matashin da ya sayar da buhun wakensa ya aika wa irin wannan mutum ya yi asara biyu, ta waken da ta sanin Allahn da yake bauta wa.

To, idan ceto kyauta ne, ayyukan kirki na mene ne? Nan ne koyarwar ta zama mai amfani ga mai fartanya. A 1520 Luther ya fitar da wani ɗan littafi a kan 'yancin Kirista, inda ya nuna cewa mai bi ɗa ne wanda ba ya ƙarƙashin kowa a maganar cetonsa, kuma a lokaci guda bara ne ga kowa a maganar ƙauna. Mutumin da ke tara ayyuka don ya saye Allah, idonsa a kan kansa yake, ko da sadaka yake bayarwa lissafin ladansa yake yi. Wanda ya san an riga an karɓe shi, hannunsa ya saku, yana iya duban wanda ke gabansa ya tambayi abin da yake bukata. Allah ba shi da yunwa, maƙwabci ne ke da ita. A wannan shekarar kuma, cikin wasiƙarsa ga sarakunan Jamus, Luther ya ɗauko abin da ke cikin wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 2, cewa dukan masu bi firistoci ne, ya ce baftisma ɗaya ce ta keɓe kowa, bambancin da ke akwai na aiki ne kurum. Ya ambaci baduku da maƙeri da manomi da sunan sana'arsu, ya ce kowannensu yana da muƙaminsa kamar yadda bishof ke da nasa, kuma da wannan muƙami zai yi wa sauran jiki hidima. Bayan shekara biyu, da yake rubutu a kan aure, ya kai maganar har cikin ɗaki, ya ce uban da ke wanke tsumman jaririnsa cikin bangaskiya yana yin abin da ke faranta wa Allah rai, ko da mutane sun yi masa dariya. Bai ƙago wannan daga kansa ba. Mutanen Nazarat sun san Yesu a matsayin masassaƙi kafin su san shi a matsayin mai wa'azi, Bulus kuma yana ɗinkin alfarwa a Koranti tare da Akila da Bilkisu, kuma ya gargaɗi Tasalonikawa da kakkausar murya a kan zaman kashe wando da sunan jiran zuwan Ubangiji.

Ku duba addu'ar da kuke yi kowace Lahadi. A cikin Addu'ar Ubangiji kuna roƙon abincin yini. A Ƙaramin Katikisma da Luther ya rubuta a 1529, bayan ya zagaya ƙauyukan Saksoni ya tarar mutane da yawa ba su san Dokoki Goma ba, ya bayyana cewa wannan roƙo ya ƙunshi ci da sha da sutura da takalma, da gida da gona da dabbobi, da iyali nagari da mahukunta masu gaskiya, da damina mai kyau da lafiya da zaman lafiya, har da amintattun maƙwabta. Yaya Allah yake amsa wannan addu'a? Ba ya jefo tuwo daga sama. Yana amsa ta ne ta hannun wanda ya yi sharar gona tun bazara, ya kai taki, ya yi shuka da ruwan fari, ya yi noman farko da maimai, ya yi girbin gero da dawa, da ta hannun matar da ta sussuka ta sheƙe ta surfa, da mai injin niƙa, da maƙerin da ya ƙera laujen, da direban da ya kai buhunan kasuwa. Luther yana kiran waɗannan mutane fuskokin da Allah ke sakawa ya ɓoye a bayansu yana ciyar da duniya. Yaron da ke kwance da zazzaɓin cizon sauro a asibitin Gaya, uwarsa tana addu'a, amsar addu'arta tana iya zuwa ta hannun ma'aikaciyar jinyar da ta zo aiki a kan lokaci, ta auna maganin daidai, ba ta karkatar da shi zuwa shagon wani ba. Malamin firamare a wani ƙauyen Ajingi da ke shiga aji ranar da babu mai dubawa, ya tsaya har yaran su iya haɗa baƙi, yana cikin aikin Allah kamar mai wa'azi. Idan kuwa haka ne, ha'inci a sana'a ya wuce laifin kasuwa, ya zama cin amanar muƙamin da Allah ya ba mutum. Tauye mudu, zuba tsakuwa a cikin riɗi, jiƙa gyaɗa don ta yi nauyi, sa wa babur tsohon ƙarfe a karɓi kuɗin sabo, ɓoye hatsi har talaka ya galabaita sannan a fito da shi, duk waɗannan abubuwa ne da mai baftisma ba shi da hurumin yi. Luther da kansa ya rubuta a 1524 yana sukar 'yan kasuwar da ke sayen kaya su tare don farashi ya hau. Noma, na duƙe tsohon ciniki, ba ya bukatar a ɗaura masa sunan wata hidimar majami'a kafin ya sami daraja a gaban Allah. Yana bukatar a yi shi da gaskiya.

Sai kuma a tambaya, wane ne maƙwabcin nan? A Gaya da Ajingi amsar ba ta da wuya: tara cikin goma, har fiye, Musulmi ne. Shi ne mai gonar da ke iyaka da taku, shi ne mai shagon da ke ba uwarku bashi, ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar wasunku. Labarin Basamariye a Luka sura ta 10 an ba da shi ne daidai domin a rushe tunanin cewa maƙwabci sai wanda kuke sujada tare, domin mutumin da ya tsaya ya ɗaure raunin ba addininsu ɗaya da mai raunin ba. Annabi Irmiya kuma, a sura ta 29, ya rubuta wa Yahudawan da ke Babila, 'yan tsiraru a cikin baƙin mutane, ya ce su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana cikin lafiyarsa. Ku kuwa yawancinku ba ma baƙi ba ne, ƙasar kakanninku ce. Katikisma ta ƙara wani abu da nake so ku riƙe da kyau. A bayanin dokar da ta hana sata, ba ta tsaya ga hani ba, ta ce wajibi ne mu taimaki maƙwabci ya kiyaye dukiyarsa da hanyar cin abincinsa, har su ƙaru. A bayanin dokar da ta hana shaidar zur, ta ce mu kare sunansa, mu faɗi alherinsa, mu yi wa abin da ya yi kyakkyawar fassara. Ku auna wannan da abin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, hotunan da ba a san inda aka ɗauke su ba, da saƙonnin da ke cewa dukan waɗancan mutane haka suke. Matashin da ya tura irin wannan saƙo bai bincika ba ya karya doka, ko da a ransa yana ganin kishin addini yake yi. Jihar Kano ta ga abin da zafin kai ke haifarwa, waɗanda suka manyanta suna tuna rikicin Oktoba ta 1991 da rayukan da suka salwanta a birni. Kuma kada wani ya ɗauka ina cewa ku yi wa Musulmi alheri a matsayin tarko don ku jawo shi. Alherin da aka yi da ƙugiya a ciki mutane suna ganewa, kuma ya saɓa wa tushen maganar, domin an yi muku alheri ba da sharaɗi ba. Idan an tambaye ku dalilin begenku, ku amsa da tawali'u da ladabi kamar yadda Bitrus ya umarta. Idan ba a tambaya ba, aikin ya riga ya cika a matsayinsa na hidima.

Akwai masu ja da wannan koyarwa, kuma sun cancanci amsa. Wasu Kirista, da abokanku Musulmi ma, za su ce: idan an gaya wa saurayi cewa aikinsa ba ya saya masa aljanna, me zai hana shi sheƙe aya? Ba tambayar banza ba ce, an yi wa Bulus ita, ya amsa a Romawa sura ta 6, wasiƙar Yaƙub kuma ta ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce. Shaidar Bangaskiya ta Augsburg ta 1530, wadda Filibus Melanchthon ya tsara, ta faɗa a sarari cewa dole bangaskiya ta haifi ayyuka nagari. Abin da ake gardama a kai shi ne wanne ke gaba. Itacen mangwaro ba ya zama mangwaro saboda ya yi 'ya'ya, yana yin 'ya'yan ne domin shi mangwaro ne, wanda kuwa shekara da shekaru bai taɓa yin ko fure ba, mai gona yana da dalilin shakkar lafiyar saiwarsa. Wanda ya ce ya gaskata amma yana cutar mutane a awo, ba alheri ne ya ɓata shi ba, bai san alherin ba ne tukuna. A ganina ma tsoro ba ya riƙe mutum a wurin da babu mai ganinsa kamar yadda godiya ke riƙe shi.

Wasu kuma za su ce, wannan maganar Turawa ce, kuma mu ba 'yan Lutheran ba ne, mu 'yan ECWA ne ko Anglikan ko Baftis ko Katolika. Gaskiya ne cewa gidan Lutheran a Arewa yana Adamawa. A 1913 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Brønnum, ya isa Numan a ƙasar Bachama, daga wannan aiki ne ekklisiyar Lutheran ta LCCN ta fito. An naɗa fastocinta 'yan ƙasa na farko a 1948, Akila Todi ya zama bishof ɗinta na farko a 1973, kuma a 2017 a birnin Windhoek na Namibiya aka zaɓi babban bishof ɗinta, Musa Panti Filibus, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya baki ɗaya. Koyarwar da ɗan Adamawa ya shugabanci masu riƙe da ita a duniya ta wuce a kira ta kayan Bature. LCCN tana cikin tarayyar TEKAN tare da wasu ekklisiyoyin Arewa, kuma da Hausa take sujada a wurare da yawa, da Littafi Mai Tsarkin da aka fara kammala fassararsa a 1932 bayan doguwar wahalar Likita Walter Miller da abokan aikinsa Hausawa na Zariya da Wusasa. Shi kansa wannan aiki na sa Maganar Allah a bakin talaka yana bin sawun Luther ne, wanda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, daga baya kuma ya ce mai fassara ya saurari yadda uwa ke magana a gida da yadda ake magana a kasuwa. Ba sai kun sauya majami'a ba. Abin da nake kawo muku yana cikin Littafin da ke hannunku, Lutheran sun dai fi kowa nanata shi ne.

Ja na uku shi ne mafi nauyi, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Za a ce wannan koyarwa tana sa talaka ya sunkuyar da kai, ya ce wa mai fartanya zauna inda kake, ka yi haƙuri da zalunci. Tarihi ya ba masu wannan zargi hujja. A 1525, da manoman Jamus suka yi tawaye, Luther ya rubuta kalamai masu muni yana zuga sarakuna su murƙushe su, aka kashe dubun dubata. Wannan tabo ne a kansa, haka ma munanan abubuwan da ya rubuta a kan Yahudawa a ƙarshen rayuwarsa, waɗanda ekklisiyoyin Lutheran suka fito fili suka yi tir da su. Luther mutum ne mai zunubi, kuma koyarwarsa ta gaskiya ita ce ta fara faɗin haka. Amma idan aka bi maganar hidima har ƙarshenta, ba ta kai ga sunkuyar da kai. Kasancewa ɗan ƙasa ma muƙami ne. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 38, ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba, sashe na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda addini ko asali. Kiristocin Arewa sun daɗe suna kuka a kan wahalar samun filin gina majami'a, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati, da yadda ake yi wa Bahaushe mai suna Bulus ko Rifkatu kallon baƙo idan ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wanda ya yi shiru a kan haka bai ƙaunaci ƙannensa da ke tasowa ba. Ku yi rajistar zaɓe, ku rubuta koke da hujja, ku bi ta wurin mai unguwa da dagaci da hakimi da majalisar ƙaramar hukuma, in ta kama ku je kotu. Abin da koyarwar ta hana shi ne ɗaukar makami da ɗaukar fansa da ƙiyayya. Kuma mai neman haƙƙi saboda maƙwabci ba zai tsaya ga na majami'arsa kaɗai ba: rijiyar burtsatsen da ta lalace, da ajin da rufinsa ya yaye, da takin da aka karkatar, Musulmi da Kirista suke cuta tare. Mutumin da aka san shi da gaskiya a kasuwa, idan ya miƙe a gaban hakimi, maganarsa tana da nauyin da ta mai hayaniya ba ta da shi.

Ba kuma ina cewa kowa ya mutu a ƙauyen da aka haife shi ba. Luther ya rubuta wa mahukuntan biranen Jamus a 1524 yana matsa musu su buɗe makarantu na maza da na mata, a 1530 kuma ya yi wa'azi ga iyayen da ke cire 'ya'yansu daga karatu don neman kuɗin nan da nan. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil, ta tarayya tana Dutse, duk ba su da nisa da ku. Ku je, 'yan mata musamman, kada a yanke muku karatu da auren gaggawa. Wanda aiki ya kai shi Kano ko Kaduna ko Legas, maƙwabci yana jiransa a can ma. Tambayar da ta kamata mai shirin tafiya ya yi wa kansa ita ce ko yana tafiya ne zuwa wani aiki, ko kuwa gudu kawai yake yi daga wurin da ya raina. Wanda kuma ya ji a ransa aikin fasto ko na bishara ne nasa, wannan aiki ne mai daraja, kuma ƙananan majami'unku suna bukatarsa ƙwarai. Sai dai Shaidar Augsburg ta ce kada kowa ya hau wa'azi a gaban jama'a sai an kira shi bisa ƙa'ida, wato ekklisiya ta gwada shi, ta horar da shi, ta aike shi. Saurayin da ya rasa aiki ya sayi lasifika ya naɗa kansa annabi bai shiga wannan ƙofa ba.

Ranar Lahadi tana da wurinta a cikin duk wannan, domin a can ne kuke karɓa kafin ku fita ku bayar: ku ji an karanta Maganar, a furta muku gafara, ku ci Jibin Ubangiji. Amma majami'ar da ta fahimci wannan koyarwa za ta damu da Litinin ɗin 'ya'yanta. Dattawa su san wane saurayi ne ba shi da sana'a, su haɗa shi da tela ko kafinta ko mai walda, ko da maigidan Musulmi ne. Zumuntar mata ta san wace yarinya ce kuɗin jarrabawa ya tsayar. A 1523 mutanen wani ƙaramin gari a Jamus mai suna Leisnig suka kafa asusun jama'a da shawarar Luther, don biyan malamin makaranta, da kula da marayu da tsofaffi, da ba masu sana'a rance, da ajiye hatsi saboda shekarar yunwa. Suka zaɓi amintattu goma kowace shekara, har da manoma uku a cikinsu, suka sa wa akwatin makullai huɗu, kowane mabuɗi a hannun wani rukuni dabam. Ƙungiyar matasa mai mutum ashirin a Gaya ko Ajingi tana iya yin irin wannan da kaka: kowa ya kawo kwanon gero ko na wake, a ajiye, a sayar lokacin da ya dace, a saya wa ɗaya keken ɗinki bana, a biya wa wata kuɗin makaranta baɗi, a ware wani kaso don gwauruwar unguwa ba tare da an tambayi inda take salla ko sujada ba. Kada kuɗin ya kwana a hannun mutum ɗaya, ko da fasto ne, kuma a riƙa karanta lissafin shiga da fita a gaban kowa bayan sujada.